Marrakesh da Essawira: Hutun da Bai Cinye Mini Albashi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, ina gaishe ku daga birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, kuma har yanzu mamaki bai sake ni ba. Tikitin jirgin saman da ya kawo ni nan daga Manchester, zuwa da dawowa, bai kai fam 60 ba, alhali na sha biyan fiye da haka a jirgin ƙasa tsakanin Manchester da Landan. Ƙasa da awa huɗu bayan tashinmu daga cikin wancan sanyi da yayyafi, sai ga ni a nahiyarmu ta Afirka, rana tana dukana, kiran salla yana tashi ta kowace kusurwa.

Sai dai ku yi hattara da wannan arha, domin tana da ƙaya a jikinta. Kujera kawai ake sayar maka da izinin ƙaramar jaka, kuma da zarar ka ce za ka ƙara akwati, kuɗin yana iya ninkawa. Jakar goyo ɗaya na ɗauko, ta kuma ishe ni. Batun biza ma kada a bar shi sai kwana ya ƙure, musamman ga mai fasfon Najeriya: tun 2022 Maroko take bayar da biza ta intanet, kuma mai takardar zama a Ingila ko Tarayyar Turai yana iya nema daga ɗakinsa, amma a nema kafin a biya kuɗin masaukin da ba a mayarwa.

Abin da ya fi ba ni wahala wajen tsara tafiyar shi ne haƙura da birnin Fas. Duk wanda ya tashi a gidan 'yan Tijjaniyya ya san irin jan da Fas take yi wa zuciya, tun da a can kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, wanda ya rasu a 1815. Amma daga Marrakesh zuwa Fas jirgin ƙasa yana cin fiye da awa shida, kuma mai ɗan gajeren hutu da ya nace sai ya haɗa Fas da Marrakesh da bakin teku, zai koma gida da tarin tikiti da ciwon baya. Saboda haka na tsayar da shawara a kan garuruwa biyu, Marrakesh domin birni da tarihi, Essawira domin teku, ita kuwa Fas na bar ta sai tafiyar da za a yi dominta ita kaɗai, in Allah ya yarda.

Daga filin jirgi bas mai lamba 19 na hau a kan dirhami 30, ta sauke ni kusa da dandalin Jama'ul Fana, ban tsaya ciniki da masu tasi ba. Na sauka a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen cikin ganuwa da ake kira riyad, masu tsakar gida da ɗakuna kewaye, a kan kusan dirhami 350 har da karin kumallo, ban da ɗan harajin baƙi da ake karɓa daban. A dandalin nan da yamma za ka ga masu wasa da maciji da biri, da masu lalle, da masu matsa lemo a gabanka. Gargaɗina shi ne kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa sai ka shirya biya, kada kuma mace ta miƙa hannu ga mai lalle kafin a yanke farashi. Haka nan idan wani saurayi ya tare ka a lungu ya ce hanyar da kake bi a rufe take, ka gode masa ka ci gaba da tafiyarka, domin sau da yawa a buɗe take, ladan rakiya yake nema.

Wuraren tarihi kuwa sai an zaɓa, domin kuɗin shiga yana taruwa da sauri. Lambun Majorelle, wanda kowa yake rububin ɗaukar hoto a cikinsa, ya haura dirhami 150, ni kuwa ban ga dalilin biyan wannan don kallon bango mai shuɗi ba. Na gwammace makarantar Ibn Yusuf, wadda aka kammala a shekarun 1560, inda na biya dirhami 50 na ga ƙananan ɗakunan almajirai da ayoyin da aka sassaƙa a jikin bango. Na kuma shiga kangon fadar Badi, wadda Sarki Ahmadul Mansur ya fara ginawa a 1578. Shi ne sarkin da rundunarsa ta ƙetare Sahara ta karya daular Songhai a 1591, aka kuma kamo malamin Tumbuktu, Ahmad Baba, aka kawo shi wannan gari, saboda haka ban iya kallon wurin da idon ɗan yawon buɗe ido kawai ba. Abin da ya fi komai daɗi kuwa kyauta ne: sallar magariba a masallacin Kutubiyya na ƙarni na 12, mai hasumiya mai tsawon mita 77. Baƙin da ba Musulmi ba iyakarsu waje, ni kuwa na shiga sahu, liman ya ja karatu da ruwayar Warshu, irin wadda aka koya mana a makarantar allo, har sai da kewar gida ta kama ni.

A kasuwar dukawa ne na ɗan yi taƙama. Wani mai shago yana ta yaba mini fatar Maroko, yana cewa duniya ta san da ita tun zamanin kakanni, sai na gaya masa cewa wani kaso na fatar da Turawa suka riƙa saye da wannan suna, ta jar akuyar Sakkwato ce, wadda majeman ƙasar Hausa suka jeme, fatake suka ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Ya yi dariya, bai yarda ba, amma takalmin da ya sa wa dirhami 300 a 120 na saye shi. Wanda ya saba ciniki a kasuwar Kurmi ba za a yi masa wayo a nan ba.

Essawira tana da nisan kusan awa uku a bas, kuɗin mota kuma wajen dirhami 100 ne. Sarki Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ya sake gina garin a shekarun 1760 domin ya zama tashar jiragen ruwa, har aka riƙa yi mata laƙabi da tashar Tumbuktu saboda kayan ayari da suke fita ta nan, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Bayan hayaniyar Marrakesh, a nan mutum yake samun numfashi, ba mai jan rigarka, kuma za ka zaɓi kifi a bakin tasha a gasa maka nan take, ka ci da burodi a kan kuɗi kaɗan. Amma duk wanda ya zo da niyyar shimfiɗa tabarma a kan yashi ya yi barci, to iska za ta koya masa hankali, domin ba ta tsayawa, tana watsa yashi har cikin kunne, ruwan tekun Atlantika kuma yana da sanyi ko da bazara. Bakin tekun ya fi dacewa da doguwar tafiya a ƙafa, sai a zo da rigar sanyi. Da dare na saurari makaɗan Gnawa, zuriyar mutanen da aka kawo daga kudancin Sahara a zamanin bauta. Bikinsu na shekara, wanda aka fara a 1998, yakan faɗo a watan Yuni, kuma a lokacin masauki yana tsada sosai, don haka mai lissafin aljihu ya kauce wa makon.

Daren ƙarshe na dawo Marrakesh na kwana, domin ba na son bas ta makara a hanya jirgi ya tashi ya bar ni, kuma tikiti mai arha ba a sauya masa rana sai da tara mai nauyi. Sauran dirhamin da ke aljihuna zan kashe shi a kan dabino da man argan, wanda ake matsewa daga ƙwallon wata bishiyar Maroko, kafin in shiga filin jirgi, tun da canza shi a Ingila ba ya da sauƙi, kuma farashin cikin filin jirgin ba na talaka ba ne.