Daga Kampala, Mirpur da Silhet: 'Yan Asiya a Birtaniya

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan titin da kuke gani shi ne Brick Lane, a gabashin Landan. Ku dubi allon sunansa da kyau: Turanci a sama, rubutun Bangali a ƙasa.

A Birtaniya in aka ce ɗan Asiya, yawanci ana nufin wanda asalinsa Indiya ne ko Pakistan ko Bangaladesh. A Amurka kuwa Sinawa da Koriyawa da Japanawa ne suke fara zuwa wa mutane a rai. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta samu mutum kusan miliyan 5.5 a ƙarƙashin wannan suna, kashi 9.3 cikin ɗari. Sai dai an zuba su ne a kwando ɗaya, kamar a haɗa Bahaushe da Bahabashe da ɗan Zulu a ce 'yan Afirka. A ganina, hanyar da kowa ya biyo ya iso ita ce ta fi yanke masa irin zaman da ya yi.

Mu fara da Kampala. A watan Agustan 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 su bar ƙasar. Da yawansu can aka haife su, can shagunansu suke. Kimanin 28,000 suka sauka a Birtaniya da akwati da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Majalisar birnin Leicester har talla ta buga a jaridar Uganda Argus tana cewa kada su zo. Dubbai suka zo. Dukiya ta tafi, amma sun taho da Turanci a baki, da ilimin boko, da sanin kasuwa. Yau titin Belgrave na Leicester cike yake da shagunansu na gwal da atamfofin sari. Rishi Sunak, wanda ya zama firaminista a 2022, shi ma iyayensa Indiyawan gabashin Afirka ne, ko da yake sun riga korar Amin zuwa.

Mutanen Mirpur labarinsu daban. A shekarun 1960 madatsar ruwa ta Mangla ta cinye tsohon garinsu da ƙauyuka masu yawa a Kashmir ɓangaren Pakistan. Manoma ne. Suka shiga masaƙun Bradford da masana'antun Birmingham, galibi aikin dare. Da masaƙun suka durƙushe, sai tuƙin tasi da ƙananan shaguna. Har gobe gidajen 'yan asalin Pakistan da Bangaladesh suna cikin waɗanda talauci ya fi damu a ƙasar, alhali 'ya'yan Indiyawa da Sinawa suna sahun gaba a sakamakon jarrabawa.

To mu dawo Brick Lane. Yawancin Bangalawan nan daga yankin Silhet na Bangaladesh suka fito. Na farkonsu ma'aikatan jiragen ruwa ne, na baya suka kama ɗinki a ƙananan masana'antun tufafi. Gidajen abincin da Turawa ke kira na Indiya ma, akasarinsu na mutanen Silhet ne.

A shekarun 1970 zaman unguwar nan ba daɗi. Ana fasa musu tagogi, ana tare su a hanya da duka. Ranar 4 ga Mayun 1978, ranar zaɓen ƙananan hukumomi, wani matashin tela mai suna Altab Ali ya tashi daga aiki zai koma gida. Samari uku suka tare shi suka daɓa masa wuƙa, ya rasu. Wannan kisa ya taɓa ni matuƙa, don bai yi musu komai ba. Bayan kwana 10, mutum kusan 7,000 suka bi akwatin gawarsa har Downing Street, fadar firaminista. Daga nan matasan unguwar suka daina ɓuya, suka kafa ƙungiyoyi, suka fito suka tsare titunansu.

Filin shaƙatawar nan da ke kusa da inda ya faɗi, tun 1998 sunansa yake ɗauke da shi. Wancan ginin bulo kuma, a 1743 Faransawa 'yan gudun hijira suka gina shi coci. Daga baya ya zama wurin ibadar Yahudawa. Tun 1976 masallaci ne, ranar Juma'a sai ka zo da wuri kafin ka samu sahu.