Fodkas: Sunan yaro a shafin baya na jarida

Sani: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya saƙonni ke shigowa kan zancen da Hadiza ta taɓo, na jaridu da wasannin 'yan sakandare. Ni abin da nake so a gane, akwai inda jarida ce da kanta ta haifi gasar.

Hadiza: Japan kake nufi ke nan, Yaya Sani.

Sani: Japan ɗin fa. A 1915 jaridar Asahi Shimbun ta kafa gasar besbol ta 'yan makaranta. Kishiyarta Mainichi ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta fara tata a 1924, shekarar da aka buɗe filin Koshien, inda ake buga gasannin biyu. Har gobe jaridun biyu na cikin masu shirya su.

Bashir: Koshien ɗin da yara ke kwasar ƙasa?

Sani: Shi fa. Waɗanda aka fitar sai su durƙusa suna hawaye, suna tara ƙasar filin da hannu cikin 'yar jaka, masu ɗaukar hoto kuwa har kwanciya suke a gabansu.

Bashir: To Yallaɓai, kowace shekara ana kwasa, filin bai zama rami ba?

Hadiza: Ai ana ƙaro wata, Bashir.

Bashir: Ni dai a ba ni aikin mai kawo ƙasar. Ciniki ne da ba ya yankewa.

Hadiza: Sai mu riƙa kiranka Sarkin Ƙasa.

Bashir: Na karɓa. A naɗa ni kafin a rufe shirin.

Sani: Sarkin Ƙasa, a yi mana izini mu wuce Amurka. Can abin ya fi taɓa ni. A da, daren Juma'a, an tashi wasa, kociya ya nemi waya ya kira ofishin jaridar gari. Wani matashin ɗan jarida ya maƙale kan waya a kafaɗa yana rubutawa, wane ya ci kaza, wane ya ci kaza, yana cewa a maimaita masa harafin sunan. Domin in ka kuskure sunan yaro, washegari uwarsa ce za ta kira. Da safe sunan ya fito da ƙananan haruffa a shafin baya, kaka ta sa almakashi ta yanke ta adana. Yaron nan wataƙila ba zai sake shiga jarida ba har abada, amma ranar ya shiga.

Hadiza: Amma fa 'yan mata sun daɗe ba su ga wannan almakashin ba. Sai bayan dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a harkar ilimi, makarantu suka buɗe musu ƙofa sosai, kuma ko a nan jaridu…

Sani: Gaskiyarki ƙanwata, za mu dawo kai. Bari in ƙarasa. A 1954 makarantar Milan a jihar Indiyana, ɗalibanta 161 kacal, ta doke makarantar Muncie Central da ci 32 da 30 ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na jiha. Wa ya riƙe wannan labarin? Jaridu. Daga nan abin ya wuce gari ya zama na ƙasa. Mujallar Parade ta fara zaɓen gwarazan kwando na sakandare a 1957, jaridar USA Today ta zo a 1982 da jerin makarantu 25 mafi ƙarfi. A 2002 kuma mujallar Sports Illustrated ta sa ɗan wasan kwando LeBron James a bango yana ɗan shekara 17.

Bashir: Nauyi ne babba a kan yaro.

Sani: Babba ƙwarai. Kuma tun daga nan ido ya koma kan tauraro ɗaya, ƙananan jaridu na ta rage ma'aikata. A 2023 kamfanin jaridu na Gannett ya gwada manhaja ta riƙa rubuta rahoton wasannin sakandare, mutane suka yi ca, aka dakatar. Wasu rahotannin ko sunan ɗan wasa ɗaya babu. Wannan ya ba ni haushi wallahi.

Hadiza: Yaya Sani, maganar 'yan matan fa?

Sani: Kash, ana ɗaga mana hannu, lokaci ya ƙure. Mako mai zuwa da ke za mu fara, na yi alkawari.

Bashir: Naɗin nawa fa?

Hadiza: Shi ma mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.