Jawabin Maraba ga Shugaban Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa daga Mazauna Unguwannin Bakin Kogin Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, mai girma Shugaba, iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni, malamanmu na addinai biyu, iyaye mata da matasa.

Lale marhabin da babban baƙo. Ba sai an gabatar da kai ba, labarin aikinka ya riga ka isowa. Tunda lokacinka kaɗan ne, za mu fara da abin da ke hana mu barci, wato ambaliyar ruwa. Muna roƙon a kafa mana kwamitin gaggawa guda ɗaya a matakin ƙaramar hukuma, mai shugaba ɗaya, lambar waya ɗaya da rajista ɗaya, kafin damina ta kankama.

Garin nan ba baƙon tsari ba ne. Tun 1917 da aka ɗauko hedkwatar Arewa daga Zungeru, nan ne gidan mulki. Daga nan Sardauna ya riƙe Jihar Arewa baki ɗaya. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa ma tana nan Mando, kusa da mu. Kogin da ya ba garin suna shi ya ci da kakanninmu masunta da manoman fadama, shi ne kuma ya shiga ɗakunanmu a 2003 da 2012, daga Rafin Guza zuwa Unguwar Rimi har Kabala Costain.

Mun san yadda aka tsara abin a takarda. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ta yi hasashen damina, NIHSA, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, ta faɗi inda ambaliya za ta taɓa, hukumarka da doka ta kafa a 1999 ta haɗa kan kowa, ta jiha kuma ta sauko da aiki ƙasa. Tsari ne mai kyau. Amma ranka ya daɗe, ruwa ba ya jiran takarda. Daren da ya zo mana, mun kira wani ofis aka ce ba huruminsu ba ne, muka kira wani aka ce sai da safe. Yaranmu masu kwale-kwale ne suka fito da tsofaffi da masu jego, tocila a baki, ruwa iya ƙirji. Da gari ya waye tawaga uku suka zo ɗaukar sunaye, kowa da nasa littafin. Akwai gwauruwar da aka rubuta sau uku, ko mudun masara bai kai hannunta ba.

Muna kuma buƙatar rigunan ceto ga waɗannan samari, da a riƙa sanar da gargaɗi da Hausa ta rediyo da bakin masu unguwanni. Amma in ɗaya kawai za a yi mana, to kwamitin nan ne, ranka ya daɗe, mu san wanda za mu tasa da ƙarfe biyun dare.

Kafin ka shiga mota, muna roƙon ka taka ka ga shatin ruwan da har yau yake jikin bangon makarantar allon da ke bayan wannan rumfa.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.