Fatsar Ƙwaron Bogi Daga Cikin Kwale-kwale

Ladi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Jos, inda hunturu ya kankama har wasunmu suka shigo ɗakin ɗaukar shiri da rigar sanyi biyu. Ni ce Ladi, ina tare da Bala, sai kuma Kawu, wanda tun da ya zauna ya ajiye wani ɗan gwangwani a kan tebur ya hana kowa taɓawa. Kawu, yanzu dai sai a buɗe mana.

Kawu: Ga shi, 'yata, amma ki riƙe ta baya, domin tsinin ba ya wasa. Abin da ke hannunki ƙugiya ce wadda ba ta fi farcen ɗan yatsanki ba, an naɗe ta da baƙin zare, an ɗaura mata gashin wuyan zakara da ɗan gashin zabo. Idan ta sauka a kan ruwa, kifi yana ɗaukarta a matsayin ƙwaron da ya saba ci. Da irinta ake kama kifin da Turawa ke kira tirawut, kuma na koyi wannan fatsa ne a zamanin da nake karatu a Sikotland.

Bala: Kawu, a gafarce ni, amma mu abin da muka tashi muka gani shi ne a soka tana a ƙugiya, a ɗaura dalma, a wurga. Wannan abin da ko numfashi zai iya hure shi daga tafin hannu, da wane nauyi zai kai tsakiyar ruwa?

Kawu: Ka taɓo gindin maganar. A fatsarmu dalma ce ke jan zare, a wannan kuwa igiyar ce take da nauyi, ita ce ke ɗaukar ƙwaron ta kai shi. Igiya ce mai kauri da aka lulluɓe da roba, a bakinta kuma ana ƙulla siririn zaren nailan wanda kifi ba ya gani sosai. Sandar takan kai ƙafa 9 zuwa 10, kuma ana ba sanda da igiya lamba gwargwadon nauyin igiyar, dole lambar ta zo ɗaya. Mai koyo a tafki, lamba 6 ko 7 ta ishe shi. Za ka ɗaga sandar ka kaɗa igiyar baya, ka ɗan dakata har ta miƙe a iska, sannan ka kawo ta gaba. Wannan ɗan dakatawar ita ce ke kayar da kowane sabon shiga, domin hannu ya saba da gaggawa.

Ladi: Kafin mu shiga jirgi, Kawu, wani zai ce ai Jos garin sanyi ne, tudunta ya kai kimanin mita 1,200. Me ya sa ba mu ganin wannan kifi a madatsar Lamingo ko tafkin Rayfield?

Kawu: Sanyin safiyar hunturu daban, sanyin ruwa duk shekara daban. Tirawut yana walwala ne a ruwan da ke tsakanin digiri 10 zuwa 16 na ma'aunin Celsius, idan ya haura 20 sai ya fara galabaita, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar da yake shaƙa da yawa. Ruwanmu kuwa da bazara yana wuce haka. Asalin wani nau'insa Turai ne, wani kuma yammacin Amurka ta Arewa. A Afirka sai inda tsaunuka suka yi tsawo ƙwarai, kamar Kenya, inda aka kai shi a 1905, da Lesoto da Afirka ta Kudu.

Bala: To an shiga kwale-kwale. Ni a tunanina sai a tuƙa zuwa tsakiya a kafa, a jira rabo.

Kawu: Nan ne na fi son mai koyo ya buɗe kunne. A tafkuna irin su Lok Leben na Sikotland da Rutland na Ingila, yawanci ba a kafa jirgi, barinsa ake yi iska ta tura. Ana juya shi a gicciye, gefensa ya fuskanci iska, mutum biyu su zauna, ɗaya a goshi ɗaya a ƙarshe, dukansu sun ba iska baya. Idan iskar ta yi ƙarfi, sai a saki wata jakar tamfol mai kama da laima a cikin ruwa ta bayansu, ita ce birkin jirgin. Kana zaune kana jifa gabanka, jirgi yana kai ka sabon ruwa a kowane minti, saboda haka ba ka da bukatar jifa mai nisa. Mita 10 ta wadatar. Ni da na fara, burina in wurga igiya har can inda idona ya tsaya, sai na wuni ina warware ƙulli, dattijon da ke ɗaya gefen kuwa yana jifa kusa da jirgi yana ciro kifi.

Ladi: Amma idan jirgin yana tafiya wajen da aka jefa ƙwaron, ai igiyar za ta saki.

Kawu: Za ta saki kuwa, shi ya sa hannun hagu ba ya hutawa. Kana tattaro igiyar da ɗan saurin da ya fi na jirgin, bakin sanda yana ƙasa kusa da ruwa, domin idan igiya ta yi laushi kifi zai ɗauki ƙwaron ya tofar ba ka ma sani ba. Idan ka ji an ja, kada ka fizga kamar mai kama tarwaɗa, zaren bakin siriri ne, zai tsinke. Ɗaga sandar kawai za ka yi. Kuma in ka jawo ƙwaron har kusa da jirgi, ka tsayar da shi na ɗan lokaci kafin ka ciro, domin sau da yawa kifin yana biye da shi tun daga nesa, sai a nan yake yanke shawara.

Bala: Na ji an ce ƙwararru sukan ɗaura ƙwari uku a zare ɗaya.

Kawu: Suna yi, amma mai koyo ya tsaya a ɗaya. Ni na yi wa kaina wannan gangancin a fitata ta biyu. Iska ta juya ta dawo ta kafaɗar dama, ban lura ba na kaɗa, sai ji na yi abu ya cafke ni a fatar kunne. Allah ya sa an danne ƙayar ƙugiyar da filaya tun farko, sai ta fita ba tare da an tsaga ba. Tun daga ranar ba na shiga jirgi babu hula da tabarau, kuma rigar ceto tana jikina kafin a kwance igiyar jirgi. Tsayuwa a cikin kwale-kwale ma ban yarda da ita ba, ga haɗarin kifewa, ga kifi yana hango ka.

Ladi: Tafki kuwa faɗi ne da shi. Yaya mutum zai san inda kifin yake?

Kawu: Bin abincinsa za ki yi. Mafi yawan abin da yake ci a tafki 'ya'yan wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo, waɗanda ke rayuwa a cikin laka su taso sama idan za su yi fiffike. Saboda haka ki duba wuraren da ba su da zurfi sosai, da bakin ciyayin ruwa, da kuma wani sumul ɗin layi da iska kan bari a saman tafki, inda ƙwari ke taruwa. Idan kin ga ruwa yana yin zobe-zobe, kifi yana sama, igiya mai yawo a kan ruwa ta isa. Idan rana ta take babu motsi, ya sauka neman sanyi, sai a ɗauko igiya mai nutsewa. Ki jefa ki ƙirga biyar kafin ki fara ja, in babu labari ki ƙirga goma, sannan sha biyar, har ki gano zurfin da yake, daga nan ki riƙe wannan ƙirgar.

Bala: Wanda ya samu kansa a can, haka kawai zai sayi sanda ya nufi ruwa?

Kawu: A Ingila sai da lasisin fatsa na hukumar kula da muhalli, ban da kuɗin shiga da na hayar jirgi da masu tafkin ke karɓa, kuma su ne za su gaya maka kifi nawa za ka ɗauka. Wanda za ka mayar, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, ka cire ƙugiyar yana cikin ragar kamun kifi a ruwa.

Ladi: Mu da ke nan fa, sai dai mu ji a kunne?

Kawu: A'a, jifa dai a filin ƙwallo ake koyonsa, da ɗan ulu a bakin zare maimakon ƙugiya. Kuma karfasa tana ɗaukar ƙwaro, musamman farkon damina idan shinge ya fito yana faɗawa ruwa. Sai dai ku kiyayi tsofaffin kududdufan kuza, gaɓarsu a tsaye take kuma zurfinsu ba a ganinsa daga sama.

Bala: To ni zan nemo gashin zabo a kasuwar Terminus, Kawu sai ya koya mana ɗaurin shinge.

Kawu: Ka haɗo da na wuyan zakara ja, kuma ka zaɓi ƙanana, domin bakin karfasa ba shi da faɗi.