Haƙƙin Mai Tafiya a Ƙasa Idan Abin Hawa Ya Buge Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu maza da mata, shugabannin direbobi da na masu a-daidaita-sahu da ke cikin wannan zaure, da sauran 'yan'uwa, barkanmu da zuwa. An nemi in yi bayani a kan abin da doka ta tanadar wa mutumin da yake tafiya a ƙasa abin hawa ya buge shi, da hanyar da zai bi ya karɓi diyya. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗurran hanya kowace shekara, kuma fiye da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne. Maganata ta yau ta fi karkata ga waɗanda suka tsira da ransu amma suka tashi da karaya, ko gurguntaka, ko ciwon da ya raba su da sana'arsu.

Kowa a nan ya san yadda lamarin yake gudana a garuruwanmu. An buge magidanci a bakin kasuwa, an kwashe shi zuwa asibiti. Da yamma sai ga direba tare da dattawan tasharsu, sun zo da lemo da ayaba da ɗan abin da ya sawwaƙa a ambulan, an biya kuɗin hoton ƙashi da maganin daren farko. Wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kowa ya ce haka ne, sai babban wan majinyacin ya gyara zama ya ce, "Mun yafe, Allah ya kiyaye gaba." Washegari a je ofishin 'yan sanda a janye magana, a saki mota. Bayan wata uku likita ya ce ƙashin bai haɗe ba, sai an sake aiki an sa ƙarfe. Teburin mutumin a kasuwa ya koma hannun wani, yara sun daina zuwa makaranta, lambar direba kuma ta daina shiga. Ba na zargin wanda ya yafe, domin yafiya halin kirki ce kuma da lada a cikinta. Abin da nake ja a kai shi ne lokacin da aka yi ta, da wanda ya yi ta. An yafe abin da ba a san girmansa ba, kuma sau da yawa wanda ya furta yafiyar ba shi ne mai ƙafar ba.

Bari mu fara da addini, tunda da shi ake rufe bakin mai neman haƙƙi. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma Alƙur'anin da ya koyar da ita shi ne ya wajabta diyya a kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, inda aka ce a miƙa ta ga iyalan mamaci sai fa idan su ne suka bar ta sadaka. Ke nan haƙƙin yana tabbata tukuna, sannan mai shi ya zaɓi ya karɓa ko ya bari. A mazhabar Malikiyya cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma ba a kan rai kaɗai ta tsaya ba. Hannu ɗaya rabin diyya ne, haka ƙafa ɗaya, haka ido ɗaya. Kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori raƙuma 5, raunin da ya huda har cikin ciki kashi ɗaya cikin uku. Raunin da ba a yanke masa adadi ba, alƙali ne yake ƙiyasta shi gwargwadon nakasar da ya bari. Akwai kuma ƙa'idar da nake so iyayenmu su riƙe: malaman fiƙihu sun ce ba a yanke hukuncin rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya, domin ƙaramin ciwo yana iya zama babba. Wanda ya rufe magana a daren farko ya yi gaggawar da su malaman ba su yi ba.

Fiƙihu bai ɗora wannan nauyi a kan mai kuskure shi kaɗai ba. Idan abin ya kai kashi ɗaya cikin uku na diyya, danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ne suke haɗuwa su biya, kuma cikakkiyar diyya a cikin shekara uku ake biyanta. Na kawo wannan ne saboda abin da ya fi hana mutanenmu neman haƙƙi shi ne tausayin direba: talaka ne, motar ma ba tasa ba ce, me za a samu a wurinsa? Dokar Najeriya ta daɗe da amsa wannan tambaya. Tun 1945 aka yi dokar da ta hana sa mota a kan titi ba tare da inshorar da za ta biya wanda motar ta kashe ko ta raunata ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗin wannan takarda daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, tare da alƙawarin biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, kuma wannan iyaka ta dukiya ce, ba ta shafi rai ko raunin jiki ba. 'Yan sanda sun fara tsananta binciken takardar a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025, sannan a watan Agustan 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta tattara tsofaffin dokokin wuri ɗaya. Direbobinmu da yawa suna ɗaukar takardar a matsayin abin nuna wa jami'i a shingen hanya, alhali kuɗi ne aka biya domin ranar da aka buge wani. Saboda haka idan iyali suka ce sun yafe ba tare da an tuntuɓi kamfanin ba, sau da yawa ba direban suka sauƙaƙa wa ba, kamfanin da ya karɓi kuɗi shekara da shekaru suka sauke wa nauyi. Wanda yake da damuwa a kan hukuncin inshora a addini, yanzu akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi da suke ba da irin wannan takarda.

Sai dai akwai jabun takardu da yawa a hannun mutane, waɗanda ake saya a bakin ofisoshin lasisi daga hannun 'yan kamasho. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake sa lambar mota a waya a ga ko inshorarta ta gaskiya ce, da sunan kamfanin. Idan ta tabbata jabu ce, haƙƙin bai faɗi ba, ya koma kan direba da mai motar.

To, me kotu take so ta gani? Wajibi ne a kan kowane direba ya kula da sauran masu amfani da hanya, don haka mai ƙara zai nuna cewa direban ya yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo raunin. Gudun wuce sa'a a gaban makaranta, bin hannun da ba nasa ba, amsa waya, tuƙi da lalataccen birki, ƙetare danja, duk sakaci ne. Wani lokaci yanayin haɗarin da kansa ya isa hujja, kamar motar da ta bar kwalta ta hau kan mai sayar da rake a gefen hanya. A nan direba ne zai yi bayanin yadda aka yi. Idan kuma shi mai tafiyar yana da nasa laifin, misali ya tsallaka babban titi a ƙarƙashin gadar da aka gina domin masu tafiya a ƙasa, ba a korar ƙararsa gaba ɗaya, ana rage diyyar ne gwargwadon kason laifinsa. Ba a kuma auna ƙaramin yaro da ma'aunin babba. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, idan direba yana bakin aikin ubangidansa lokacin da ya yi ɓarnar, ana iya haɗa ubangidan a ƙara, ko mutum ne ko kamfani, kuma galibi a can ne ake samun abin biya.

Duk wannan a kan shaida yake tsayawa, shaidar kuma a kwanakin farko ake samunta ko a rasa ta. Mai rauni ba ya cikin halin tattara komai, don haka aikin 'yan'uwa ne da waɗanda abin ya faru a gabansu. A rubuta lambar motar, idan a-daidaita-sahu ne a haɗa da lambar da aka rubuta a jikinsa. A ɗauki hoton wurin kafin a gusar da motar, har da sawun birki a kan kwalta, a karɓi lambar wayar mai shayi ko mai faci da ya ga abin da idonsa. A kira hukumar kiyaye haɗurra a 122, a kuma tabbatar an shigar da rahoto a sashen 'yan sanda masu kula da haɗarin mota, domin zanen wurin da suke yi da rahoton jami'in duba lafiyar mota suna da nauyi a gaban alƙali da kamfanin inshora. A nan zan roƙi matasanmu: dukan direba da ƙona mota laifi ne, yana lalata shaida, kuma tsoronsa ne yake sa direbobi da yawa gudu su bar mutum kwance cikin jini. Game da asibiti kuwa, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowace cibiyar lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Diyyar da kotu take bayarwa iri biyu ce. Ta farko ita ce asarar da za a iya lissafawa: kuɗin aiki, magani, sandar dogarawa, motar zuwa asibiti, da abin da mutum ya rasa na samu a watannin jinya. Wannan sai an jera ta dalla-dalla an kawo hujjar kowace naira, shi ya sa nake cewa a nemi jaka guda a riƙa zuba kowane rasit a ciki, ko na naira 500 ne. A nan ne masu zuwa wurin maɗori suke shiga matsala. Ba raina sana'ar ɗori nake yi ba, amma maɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta rahoto, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ɗorin ne ya karkatar da ƙafar, ba motar ba. Rahoton likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ya bayyana girman nakasa da abin da jinya za ta ci nan gaba, shi ne ginshiƙin ƙarar. Mai sana'ar hannu da ba shi da takardar albashi yana iya kawo littafin cinikinsa, ko bayanan asusunsa na banki, ko shugaban kasuwarsu ya yi masa shaida. Iri na biyu shi ne abin da ba shi da rasit, wato raɗaɗin da aka sha da nakasar da za a rayu da ita, kamar birkilan da ba zai sake hawa gini ba. Wannan alƙali ne yake ƙiyasta shi.

Kada a haɗa shari'ar laifi da ta diyya. Gurfanar da direba kan tuƙin ganganci aikin hukuma ne, kuma ko da yake sashe na 78 na kundin Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, ya ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta, babbar diyya galibi sai mutum ya shigar da tasa ƙarar. Ko an sallami direba a shari'ar laifi ana iya cin nasara a ta diyya, domin hujjar da ake nema a ta laifi ta fi tsauri. Lauya zai duba kotun da ta dace, kuma wajibi ne a sanar da kamfanin inshora a rubuce a kan kari.

Lokaci ma yana kashe haƙƙi. Kowace jiha tana da dokar wa'adin shigar da ƙara. A Legas shekara 3 ce ga raunin jiki. Wanda ya fi haɗari shi ne idan motar hukuma ce, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar, kuma wasu hukumomin sai an aika musu da takardar gargaɗi kafin a kai su kotu. Mutum yana iya cinye wannan wa'adi yana kwance a gadon asibiti, saboda haka jiran warkewa kafin a yanke adadi daban, jinkirin ganin lauya daban. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nufi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, domin ƙarar haɗari tana cikin ayyukan da doka ta ɗora mata.

Ba ina cewa kowace magana sai ta je gaban alƙali ba. Shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma sulhu alheri ne, ko a gaban mai unguwa, ko a Hisbah, ko a zauren sasanci na babbar kotu. Sharaɗin kawai shi ne a yi shi bayan an ji ta bakin likita, da yardar mai raunin kansa, a rubuce, da shaidu, a faɗi adadi da ranakun biya da wanda zai ɗauki nauyin aikin da ka iya tasowa daga baya. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, musamman mai cewa an karɓi kuɗin a matsayin biyan ƙarshe, domin kotu za ta riƙe shi a kan abin da ya sa wa hannu. Idan kuwa wanda aka buge yaro ne, waliyyinsa amana yake riƙe da ita, sai ya yi tunani sosai kafin ya bar abin da yaron zai buƙata shekaru masu zuwa.

A nan zan dakata, domin na ga shugabannin direbobi suna da tambayoyi a kan batun jabun takardu, kuma ya kamata a ba su isasshen lokaci. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.