Idan Ƙudan Zuma Suka Sauka a Bishiyar Gidanku

Assalamu alaikum jama'ar Garwa da kewaye. Ku dubi wannan baƙin curin da ke reto a reshen mangwaro. Ƙudan zuma ne, dubbai, sun dunƙule wuri guda. Da yawanmu da mun ga haka sai a ɗauko wuta ko maganin feshi. Don Allah a dakata, dukiya ce ta kawo kanta.

Ƙaura suke yi. Idan amya ta cika, tsohuwar uwa, wadda wasu ke ce wa sarkin zuma, sai ta fita da kusan rabin 'ya'yanta, ta bar wa sabuwa gidan. Kafin su tashi kowa ya cika cikinsa da zuma, ga shi babu ƙwai babu saƙa da za su kare, shi ya sa ba su cika faɗa ba a wannan hali. Amma ka san ƙudan ƙasarmu da zafin rai, don haka a janye yara da dabbobi tukuna.

Bayan la'asar, ka rufe fuskarka da raga, ka ɗaure bakin hannun riga da ƙafar wando. Tara akwati a ƙarƙashin curin, ka girgiza reshen sau ɗaya da ƙarfi. Za su zubo tim. Ka rufe, ka bar 'yar kafa, sannan ka zuba ido. In ka ga wasu sun jeru a bakin kafar sun ɗaga gindi sama suna kaɗa fikafikai, ƙamshi suke watsawa na kiran 'yan'uwa, alamar uwar tana ciki. In kuwa suka koma reshe, ba ta faɗo ba, sai a sake. Da magariba ka ɗauka.

Amyar gargajiya ta ciyawa da kashin shanu tana aiki, amma ni na fi son akwati mai sanduna irin na Kenya, kowace sanda faɗin milimita 32, don kana zare saƙa ɗaya ɗaya ba ka rusa gidan ba.

Wurin ajiya shi ne babbar magana a Garwa. Zafin Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, ƙudan na jigilar ruwa don sanyaya amya, saboda haka kusa da kogin Binuwai alheri ne, a inuwar darbejiya ko ɗorawa. Sai dai a kan tudu, domin da damina in aka saki ruwa daga madatsar Lagdo, fadama cika take. A kuma nisanci gonar audugar da ake yi wa feshi.

Ranar ɗibar zuma, hayaƙi kaɗan ya isa, ban da harshen wuta. Ka yanki saƙar da suka liƙe bakinta da kaki, ita ce ta nuna. Mai ƙwai da 'ya'ya ka mayar musu da ita.