Yaren Kaka, Amsar Jika

Malama Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga Samaru, Zariya. Malam Bala, harsunan duniya sun kai wajen 7,000, kuma UNESCO ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na fuskantar ɓacewa. Da me ake gane wanda ya kama hanya?

Malam Bala: Malama, shiga gidan ki saurari yara. In kaka ta yi magana da yarenta, jika ya mayar mata da Hausa, ciwo ya shiga, ko da masu yaren sun kai dubu hamsin. Daga nan sai ya koma bakin tsofaffi kaɗai, sai a binne shi da na ƙarshensu, kamar yadda harshen Ubykh ya tafi da Tevfik Esenç a Turkiyya a 1992.

Malama Hadiza: Abin da ke sosa mini rai, a Arewa Hausarmu ce ke haɗiye su. Ajawa a ƙasar Bauchi ya ɓace tsakanin 1920 da 1940, mutanensa suka koma Hausa. Haka Auyokawa da Teshenawa a Jigawa. Ga Sheni nan kusa da mu, wajen Saminaka, a 2004 ya rage a bakin tsofaffi ƙalilan.

Malam Bala: Kuma ba da sanda aka ƙwace ba. Kasuwa ce, da auratayya, da wa'azi a masallaci da coci, sai gorin ƙauyanci da ke sa yaro jin kunyar yaren uwarsa.

Malama Hadiza: To ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da zai je ɗaukar muryar dattijo don adana yarensa, da me zai fara?

Malam Bala: Da gaisuwa da neman izini. Sannan a kashe fanka da janareta, makirufo ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti. A bi jerin Swadesh, wato jerin kalmomin yau da kullum guda 100, kowace kalma a maimaita sau uku. Amma ga inda ake tuntuɓe: in ka ce wa Baba "yaya kuke cewa tukunya?", Hausar da ke kunnensa ce za ta fara fito masa. Nuna masa tukunyar, ka yi shiru.

Malama Hadiza: In ƙara da karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, sauti ne ya raba su. Wanda ya rubuta kalmomi a littafi ba murya, ya bar rabin yaren a ƙauye. Kuma jerin kalmomi ba ya nuna nahawu. A haɗa tsofaffi biyu su yi hira, su yi tatsuniya da waƙar daka.

Malam Bala: Kada kuma a tura ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, yana matse sautin. A yi kwafi uku a wurare daban-daban, kowanne da sunan gari da kwanan wata, a bar ɗaya a hannun masu yaren.

Malama Hadiza: Sai dai ajiya ba ta haifar da mai magana.

Malam Bala: Gaskiya ne. Shi ya sa ƙabilar Maori, 'yan asalin New Zealand, a 1982 suka buɗe gidajen reno inda tsofaffi ke wuni da yara ƙanana, ba a jin komai sai yaren. A Saminaka, zaure ɗaya da tabarma da kaka biyu sun isa a fara.